Ƙwato ko Ƙwace? Muhawarar Daren Laraba a Zauren Tarihi

Malam Habu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ɓacin rai na shigo. Kwana huɗu na yi ina haɗa rubutu a kan yadda gwamnatoci ke bin diddigin kamfanonin abokan gaba a lokacin yaƙi, na ɗora a shafina, mutum bakwai kacal suka danna alamar so, biyu daga ciki ƙannena ne. A ranar wani abokina ya ɗora hoton kwanon dambu da zogale, kafin la'asar ya tara ɗari uku. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne jiya a teburin mai shayi, wani da ko layi ɗaya bai karanta ba ya kira ni ɗan koren Amurka, majalisa ta kwashe da dariya, har da mai shayin da nake bin sa canjin naira ɗari biyu.

To ga maganar, ku ku yi mana alƙalanci. In mai kamfani ya hango yaƙi na tafe, ya sauya wa kamfaninsa suna, ya ɗora ɗan ƙasa a kujerar shugabanci, shi ke nan kamfanin ya tashi daga na abokan gaba? Ni na ce a'a.

A 1925 manyan kamfanonin sinadarai na Jamus suka haɗe suka zama IG Farben. Sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu a yaƙin duniya na farko, lokacin da Amurka ta riƙe reshen kamfanin magunguna na Bayer ta yi gwanjonsa a Disambar 1918, kamfanin Sterling ya saya a kan dala miliyan 5.3, har da sunan Bayer ɗin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Saboda haka da suka kafa reshensu na Amurka, American IG, a 1929, ba su rubuta hannun jarin da sunansu ba, sai suka jingina shi ga wani kamfani mai suna IG Chemie a birnin Basel na Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙi. A 1939 suka goge "IG" daga sunan, ya koma General Aniline & Film. A 1940 kamfanin Basel ya shelanta cewa ya raba gari da Jamusawa. Wa ke shugabancin kamfanin a New York? Dietrich Schmitz, mai takardar zama ɗan Amurka. Wa ke shugabancin IG Farben a Jamus? Hermann Schmitz, ɗan'uwansa. Da surutu ya yi yawa, a ƙarshen 1941 aka kawo alƙali John Mack, aminin Shugaba Roosevelt, aka ɗora a kujerar. Duk da haka gwamnati ba ta ruɗu ba. Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Amurka ranar 11 ga Disamba 1941, a Fabrairun 1942 ma'aikatar kuɗi ta Amurka ta ƙwato kamfanin. Ina laifina don na ce an yi daidai?

Ɗan Fansho: Malam Habu, sannu da ƙoƙari, amma dakata. "Ƙwato" ka ce? Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa, ban taɓa barin ɗalibi ya wuce da irin wannan ba. Abinka da aka ɗauke maka, shi kake ƙwatowa. Ɓarawo ya ja akuyarka, ka bi shi ka ƙwato. Abin wani kuwa ƙwacewa ake yi. Yaushe kamfanin ya taɓa zama na gwamnatin Amurka da har za ta ƙwato shi?

Kwamared: Allah ya saka da alheri Baba. Ai baki shi ke yanka wuya. Mai shayi ya yi gaskiya da ya yi dariya.

Malam Habu: Baba, kuskuren yatsa ne. A waya nake rubutu. A koma kan tambayata don Allah.

Ɗan Fansho: Ɗana, tsakanin "ƙwato" da "ƙwace" harafi biyu ne. Yatsa ba ya zamewa sau biyu a jere ya kuma faɗa kan kalmar da ke da ma'ana. Na leƙa shafinka ma, can ɗin sau uku ka rubuta ta.

Malam Habu: To na ji, ba kuskure ba ne, kuma ina nan a kan bakana. Masana'antun suna ƙasar Amurka, ma'aikatan Amurkawa ne, fim ɗin hoto da rinin da suke yi sojojin Amurka ke buƙata. Ƙwato shi ta yi daga hannun waɗanda ke juya shi daga Frankfurt.

Kwamared: Minti biyar da suka wuce yatsa ne, yanzu ya zama aƙida.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in sa baki. Baba Ɗan Fansho, da girmanka, amma bayaninka bai cika ba. Wannan "o" ta ƙarshe ba mallaka take nunawa ba, inda abu ya nufa take nunawa. Sayo, ɗauko, kamo, jawo. In na ce yaro ya sayo goro, ai ba goron gidanmu ya je ya maido ba. "Ƙwato" na nufin an fizge abu an kawo shi wajen mai magana. Nahawun Malam Habu lafiya lau yake. Illa dai duk wanda ya ce Amurka ta ƙwato, to shi a Washinton yake tsaye.

Autan Hajiya: Kai! Ɗan Maraɗi ya kare shi ya kuma kashe shi a numfashi ɗaya.

Ɗan Fansho: Yaro, kafin a haife ka nake koyar da wannan darasin. Abin da ka faɗa gaskiya ne a "sayo", amma kalma tana da nahawu, tana kuma da yadda mutane suka saba da ita. Wa ka taɓa ji ya ce 'yan fashi sun ƙwato motar Alhaji? Ƙwato 'yanci muke cewa, ƙwato haƙƙi muke cewa. Wataƙila a wajenku an saba da wata Hausar, tunda Faransanci ya shiga tsakani.

Ɗan Maraɗi: Subhanallahi. Baba, mu Katsinawa ne, daga Birnin Katsina kakanninmu suka taso suka kafa Maraɗi. Ku da ke cewa "zan yi parking" a tsakiyar Kano ne za ku koya mana tsarkin harshe?

Ɗan Fansho: Ni ba Bakano ba ne, Bazazzagi ne.

Ɗan Maraɗi: Ai ya fi muni.

Autan Hajiya: An taɓo Zage-zagi, yau ba barci.

Lauyar Zaure: Iyayena da yayyena, ku bar Zariya ta huta. A doka abin da ya faru ba ƙwato ba ne, ba kuma ƙwace ba ne kai tsaye, riƙo ne. Amurka na da dokar hana ciniki da abokan gaba tun Oktoban 1917. A Maris 1942 Roosevelt ya sake kafa ofishin mai riƙon dukiyar baƙi, ya naɗa Leo Crowley, aka miƙa masa hannun jarin General Aniline, sama da kashi 90 cikin ɗari. Ba a rufe masana'anta ba, an sallami manyan jami'ai haifaffun Jamus, an zuba wasu, aiki ya ci gaba. Tambayar da masu bincike ke yi a irin wannan ba wa ke zaune a kujera ba ce. Suna tambaya ne: da kuɗin wa aka sayi jarin, ina riba ke zuwa, wa ke iya korar manaja, kuma akwai alkawarin ɓoye na mayar da kamfani bayan yaƙi?

Malam Habu: Alhamdu lillahi, ga mai ilimi ta zo. Hajiya Lauya, abin da nake ta faɗa ke nan.

Lauyar Zaure: Yaya Habu, ban gama ba, kada ka yi saurin gode min. Kamfanin Basel ya sauya suna zuwa Interhandel, ya shigar da ƙara a Amurka a 1948 cewa shi na 'yan Suwizalan ne zalla. Gwamnatin Suwizalan ta tsaya masa har Kotun Duniya a Hague, a 1959 kotun ta ce a koma a ƙarasa da kotunan Amurka tukuna. Daga ƙarshe sulhu aka yi a 1963, lokacin Robert Kennedy na ministan shari'a. A 1965 aka sayar da hannun jarin a kan kusan dala miliyan 329, aka ba Interhandel sama da miliyan 120. Babu kotun da ta yanke hukunci a kan ainihin tambayar, wato na wa ne.

Kwamared: Madalla! Riƙo daga 1942 zuwa 1965? Shekara ashirin da uku? Wane irin riƙon ƙwarya ne wannan da ya fi wa'adin wasu sarakuna? An gama yaƙi a 1945, Hitler ya mutu, IG Farben ɗin ma an wargaza ta, amma mai riƙo bai saki ba. Kuma ku amsa min: in na Jamusawa ne, me ya sa aka ba 'yan Suwizalan miliyan 120? In na 'yan Suwizalan ne, me ya sa aka riƙe miliyan ɗari biyu? Wannan rabon ɓarayi ne. Fashi sunansa.

Malam Habu: Fashi? Ka san waye IG Farben kuwa? Su suka gina masana'anta a Monowitz, kusa da sansanin kisan kiyashi na Auschwitz, fursunoni na mutuwa a bakin aiki. Hermann Schmitz ɗin nan kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara huɗu a 1948. Su kake wa kuka?

Kwamared: Ban yi wa kowa kuka ba. Kuma tunda ka kawo wannan, faɗa wa jama'a su wa suka zauna a hukumar daraktocin American IG tun farko. Edsel Ford na kamfanin mota da Walter Teagle na Standard Oil. Su wa ya taɓa su?

Malam Habu: Wannan wata maganar ce daban. Ga hujjar da ba ta da makawa: kamfanin Bosch na Jamus ya sayar da reshensa na Amurka ga bankin iyalan Wallenberg na Suwidin a 1940. A fili ciniki ya faɗa. A ɓoye akwai takardar cewa za a mayar musu bayan yaƙi. Amurka ta riƙe American Bosch a 1942, bayan yaƙi aka tono takardun a Jamus, zargi ya tabbata. Wa zai ce wani abu a kan wannan?

Autan Hajiya: Ni dai tambayata ɗaya. Da gaske ne Hitler ne ya ƙirƙiro Fanta? Don in haka ne na tuba, zoɓo zan koma.

Maman Sadiƙ: Ni ma na ji haka a wani bidiyo. Har cewa aka yi shi ya zaɓi launin.

Malam Habu: Jama'a, Bosch nake magana.

Lauyar Zaure: Auta, ba Hitler ba ne. Max Keith ne, Bajamushen da ke shugabancin reshen Coca-Cola a Jamus. Da yaƙi ya toshe hanyar shigo da sinadarin haɗa lemon daga Amurka, sai ya sa aka haɗa wani da abin da ke hannu, ruwan da ke tsatsa in an yi cuku da dusar tuffa da aka matse. Mai ruwan lemun da kuke sha yanzu a Italiya aka fara yin sa a 1955. Amma tambayarka ta kawo mu ɗaya ɓangaren, wanda Yaya Habu bai taɓo ba. Su ma Jamusawa suna da ofishin kula da dukiyar abokan gaba tun 1940. Bambancin shi ne su sau da yawa manajan da suka tarar shi suke bari. A masana'antar Ford ta Cologne, Robert Schmidt da ke shugabanci shi aka naɗa mai riƙo a 1942. Manajan jiya ya wayi gari wakilin gwamnati, ya ci gaba da ƙera motocin soja, har da ma'aikatan tilas.

Kwamared: Ki ƙara musu da kamfanin motoci na Opel da ke Jamus, Hajiya. Na General Motors na Amurka ne tun 1929, shi ke ƙera wa sojojin Hitler manyan motocin Blitz. Bayan yaƙi kamfanin ya koma hannun masu shi, daga baya ma gwamnatin Amurka ta biya General Motors diyyar sama da dala miliyan 30 saboda bama-baman da jiragen ƙawance suka zuba wa masana'antun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Malam Habu, su ma ƙwatowa suka yi ko?

Malam Habu: Nasu ne ai. Ko Baba Ɗan Fansho zai yarda da wannan.

Ɗan Fansho: Kada ka jawo ni. A nahawu na yarda, a zuciya ban yarda ba.

Maman Sadiƙ: To a sha Fantar ko kar a sha?

Abu Sumayya: Bismillah. Duk kun kauce saboda kuna auna abu da ma'aunin Turawa. Malamanmu sun rarrabe tun tuni. Abin da aka samu a fagen fama shi ne ganima. Dukiyar wanda ya shigo ƙasarka da aminci yana kasuwanci kuwa, ko da mutanensa na yaƙi da kai, tana da alfarmar amincin da ka ba shi. Ku tuna daren Hijira. Ƙuraishawa na neman ran Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, amma ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu da ke wurinsa. Kalmar da ta ɓace a zauren nan ita ce amana.

Kwamared: Ka ji ko? Har addini ya ce fashi ne.

Abu Sumayya: Ban ce haka ba, Kwamared, kada ka sa min magana a baki. Ajiya daban, masana'antar da ake zargin tana yi wa abokan gaba aiki daban. Kuma kai da ka rubuta makon jiya cewa malamai ne matsalar Arewa, yau ka zo neman fatawa?

Kwamared: Wasu malamai na ce. Je ka sake karantawa.

Abu Sumayya: Ka goge ai. Amma na ɗauki hotonsa.

Shugaban Zaure: Ustaz, Kwamared, ku kai wannan akwatin sirri. Doka ta uku.

Alhaji Na Kwari: Yara, ku bari tsoho ya faɗi abin da idonsa ya gani, ba na littafi ba. Jikana ke rubuta min. Lokacin da Gowon ya yi dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa a 1972, akwai sana'o'in da aka ce baƙo ya fita sam. Yayana, Allah ya jiƙansa, yana yi wa wani Bakwara aiki, sai aka wayi gari an ce ya saye kamfanin. Mutumin da keke ma bashi ya ci ya saya. Aka rubuta sunansa a allon ƙofa da jan fenti, har da "Alhaji", alhali bai je Makka ba tukuna. Aka saya masa kujera mai juyawa da fanka. Littafin cek kuwa yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin baya, makullin na rataye a wuyan maigidan cikin singileti. Ran da aka yi cinikin, takarda biyu ya sa wa hannu. Ɗaya ta saye, ɗaya ta sayarwa, ita ta biyun ba kwanan wata a jikinta.

Wata rana jami'ai biyu suka zo bincike, ina zaune a kan dila. Suka duba takardu, komai tsaf. Ɗayan zai fita sai ya juyo ya ce, "Alhaji, nawa kuke saro bandir ɗin akoko yanzu?" Yayana ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya kalli labulen ɗakin baya. Jami'in ya yi murmushi, ya ɗaga labulen da bakin birona. Ban san yadda aka ƙare a ciki ba, na dai ga sun fito kowa da turmin atamfa a hammata. Malam Habu, tambayarka ke nan na amsa. Kujera ba ta mayar da mutum mai kamfani, a nemi inda makulli yake.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji! Takarda mara kwanan wata, ita ce ta Bosch sak. Mutum ɗaya ya karanta abin da na rubuta.

Kwamared: Ranka ya daɗe, labari ya yi daɗi, amma a 1972 wa muke yaƙi da shi? Kwarori abokan gabarmu ne? Ba abu ɗaya ba ne.

Maman Sadiƙ: Kuma Baba, ba a cewa "Bakwara" yanzu, ɗan Lebanon ake cewa.

Alhaji Na Kwari: 'Yata, to sunan kasuwar da nake zaune shekara hamsin ma sai a sauya, a ce Kantin 'Yan Lebanon.

Ɗan Tiko: Na daɗe ina karantawa daga nan Kamaru, dariya kawai nake. Kuna ta faɗa a kan New York, ga abin a ƙofar gidanku. Gonakin ayaba da roba da kwakwar manja da ke kewaye da dutsen nan na Buea, Jamusawa suka kafa su. Ingila ta riƙe su a yaƙin farko. A 1922 aka yi gwanjo a Landan aka hana Jamusawa saye, kasuwa ta ƙi ci. A 1924 aka sake, aka cire sharaɗin, tsofaffin masu gonakin suka saye mafi yawansu. Kafin yaƙi na biyu Jamusawa sun fi Turawan Ingila yawa a yankin, ayaba na tashi daga tashar Tiko zuwa Hamburg. A 1939 aka sake riƙewa, daga nan aka haɗa su aka yi hukumar gonaki ta gwamnati, CDC, a 1947, wadda har gobe tana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. To Baba malamin Hausa, a 1924 Jamusawa ƙwatowa suka yi ko sayowa? Kafin ka amsa, ka tambayi ƙabilar Bakweri, don ƙasarsu ce aka kore su daga kai tun farko, kuma har yau suna neman ta. Duk gwanjon nan babu wanda ya kira su.

Ɗan Fansho: Fansowa suka yi. Wannan ita ce kalmar.

Ɗan Tiko: Baba, duk abin da na rubuta, kalmar kaɗai ka gani?

Lauyar Zaure: Ɗan Tiko ya tuna min. Mu ma Nijeriya abin ya taɓa mu, har ya girgiza Landan. Kafin 1914 mafi yawan ƙwarar manjan da ke fita daga nan Jamus take zuwa, kamfanoni irin su G.L. Gaiser na Hamburg suna da ƙarfi a Legas. Da yaƙi ya ɓarke aka rufe su, aka shirya gwanjon kadarorinsu. Ranar 8 ga Nuwamba 1916 majalisar Ingila ta yi zazzafar muhawara a kai. Ɗan majalisa Edward Carson da mutanensa suka ce ɗan Birtaniya kaɗai zai saya, don kada Bajamushe ya dawo ta bayan gida da sunan wani. Bonar Law, sakataren mulkin mallaka, ya ƙi, saboda tsoron kada 'yan kamfanonin Ingila su haɗe kai su danne farashin amfanin gona. Gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 231 a kan 117, amma jam'iyyar Bonar Law ta dare kusan gida biyu. Ba a cika wata guda ba Firaminista Asquith ya sauka, Lloyd George ya hau.

Ɗan Maraɗi: Wato shagunan Legas sun taimaka wajen kayar da firaminista, mu kuma kalma ɗaya ta kayar da mu.

Mai Gaskiya Ɗaci: Duk kun tsallake na gida. Gidajen Inyamurai da aka kira "dukiyar da aka yi watsi da ita" a Fatakwal bayan yaƙin basasa fa? Ƙwato ko ƙwace? A Kano da Kaduna mutane da yawa sun riƙe wa maƙwabtansu gidaje, suka dawo aka ba su har da kuɗin haya. Amma kullum mu ake zagi.

Kwamared: Kai kuma kada ka mai da mu waliyyai. Me ya kore su daga gidajen tun farko a 1966?

Mai Gaskiya Ɗaci: Ka fara daga Janairu in kana da gaskiya.

Shugaban Zaure: Na goge sharhi goma sha ɗaya daga nan. Duk wanda ya sake taɓo 1966 zai huta na mako guda. Ƙarfe ɗaya saura na dare, ga taƙaitawa in rufe.

Malam Habu ya kawo ra'ayin cewa Amurka ta yi daidai, ya yi amfani da kalmar da malaminmu Baba Ɗan Fansho, wanda ni kaina ya koyar da ni a aji uku, ya tabbatar ba ta dace ba. Malam Habu ya fara cewa yatsa ne, daga baya ya sauya magana, jama'a sun gani. Lauyarmu ta tabbatar da cewa babu kotun da ta taɓa samun kamfanin da laifi, kuma an riƙe shi shekara ashirin da uku. Kwamared ya kawo hujjoji masu nauyi a kan Ford da Opel waɗanda ba a iya amsawa ba. Ustaz ya nuna mana matsayin amana. Baba Alhaji ya ba mu labari mai daɗi, ko da yake ba na lokacin yaƙi ba ne. An kuma wanke Fanta. Saboda haka zaure ya yi ittifaƙi cewa ƙwace aka yi, wasu ma sun ce fashi. Ana roƙon Malam Habu ya gyara rubutunsa.

Lauyar Zaure: Shugaba, ban ce ba a samu kowa da laifi ba. Na ce ba a yanke hukunci a kan mallaka ba. Kuma "riƙo" na ce tun farko.

Malam Habu: Ina Bosch a taƙaitawar? Ina Monowitz? Ina 'yan'uwan Schmitz? Ittifaƙin mutum nawa, kai da Kwamared da kuke cin abinci kwano ɗaya?

Ɗan Tiko: Ni ko sunana ba a ambata ba. Yadda aka yi wa Bakweri ke nan.

Ɗan Maraɗi: Ni ma an share ni. Na gane, sai Bazazzagi.

Shugaban Zaure: Taƙaitawa ce, ba littafi ba. Malam Habu, muna jira.

Malam Habu: Na gyara don a zauna lafiya. Na cire "ƙwato", na sa "karɓo".

Ɗan Fansho: Karɓo? Wa ya miƙa mata?